Tashen da Ya Dawo da Keken Ɗinki

Goma ga azumi ta zo ta wuce, na kasa kunne ban ji komai ba. Ina zaune a ƙofar shagona nan Gyaɗi-Gyaɗi, na sha kunu har tumbina yana riga ni shiga masallaci, ina jiran ƙarar gwangwani ta ɓullo daga wani lungu. Abin da na samu shi ne hon ɗin 'yan adaidaita da janareton mai cajin waya. Na tambayi autana ko ya san tashe. Ya ce ƙwarai, ya taɓa gani a waya. A waya fa. Ni da gawayin da na shafa a fuska saboda tashe, in aka tara shi, zai dafa wa Tarauni kaf tuwon biki har a yi ɗumame, yau ɗan cikina a waya ya san abin.

A zamanin da nake nufi unguwar nan ba ta cushe haka ba. Tsakaninmu da Tarauni akwai fili, akwai 'yan gonakin dawa, akwai kududdufi. Da asuba zakin gidan zu ne yake fara tashinmu kafin ladan ya gama gyaran murya. In ya yi gurnani sai kwanukan kakata su amsa daga kan kabad. Daga nan guga ta fara bugun bakin rijiya, sai tsintsiya, sai turmi, sai a tura mu kai niƙa, mu dawo da rabin garin a gira. Yanzu ban san ko zakin yana nan ba. In ma yana yi, to titi ya fi shi murya.

Gidan haya muke, irin dogon nan mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya wadda ta ga shari'a fiye da kotu. A hannun kakata na tashi, Inna, wadda ba ta kirana sai da Maigida, wai ni ne mijinta, mijin da bai taɓa kawo cefane ba. A ƙarshen layin ɗakunan akwai ciki da falo na Ticha, mutumin kudancin Kaduna, malamin firamare, da matarsa da kowa yake kira Maman Bitrus. Ticha ba mai magana ba ne. In ya ce maka ina kwana, ya gama hirar ranar. Matarsa ce muryar gidan, ita da kekenta na ɗinki. Baƙin keke ne na ƙafa, da shi ta zo Kano tun tana amarya. Daga hantsi zuwa la'asar ba ka jin komai sai tar-tar-tar, ya tsaya, almakashi ya yi magana, ya ci gaba. Daga layinmu har Daurawa da wuya ka sami macen da ba ta taɓa ɗaga hannu Mama ta auna ta ba. Har wandon da na fara zuwa zance da shi ita ta ɗinka, ta kuma faɗa mini gaskiya cewa matsalar ba daga wandon take ba.

Ɗanta Bitrus sa'ana ne. Ba ya azumi, amma ban taɓa ganin mai kiyaye lokacin shan ruwa kamarsa ba. Kafin ladan ya rufe baki yana zaune gaban ƙosan Inna, ya wanke hannu. Mu ma ranar Kirsimeti tun safe muke zama masu ladabi a ƙofarsu saboda shinkafa. In goma ga azumi ta yi kuwa, tare muke fita tashe. A cocinsu ya koyi kiɗa, in ya riƙe gwangwanin madara da 'yan sanduna sai ka rantse kalangu ne. Ni kuma nawa kwaikwayo. Allah bai ba ni kan lissafi ba, bai ba ni tsawo ba, amma in mutum ya ratsa ta gabana sau ɗaya, to na sace tafiyarsa har abada. Mu manna gemun auduga, mu shafa gawayi, in an sauko daga sallar asham mu bi gida gida muna wasa, a miƙo mana gero ko ɗan abin da ya samu. Inna takan ce dokar tashe biyu ce tun tana yarinya: ba a fushi da ɗan tashe ko da kai ya kwaikwaya, ba a kuma sallamarsa hannu banza. Na kwaikwayi mai unguwa a gaban mai unguwa, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Gwada haka yau ka ga inda za ka kwana.

Shekarar da nake son ba da labari mun riga mun girma, gemun gaske ya fara tsirowa, har muna cewa mun bar wa yara tashe. Sai rikici ya tashi a gari, azumi ya kusa. Kada ka tambaye ni mafarinsa. Na tambayi waɗanda suka fi kowa gudu da sanda a ranar, su ma ba su sani ba. Mu dai mun hango hayaƙi, muka ji an ce ana yi, kafin azahar abin ya iso bakin titinmu. Inna ta tura Ticha da iyalinsa ƙuryar ɗakinta, ta haɗa da ni ta kulle, wai bakina zai jawo mana bala'i. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta zauna da carbinta, ta ce mai shiga sai ya taka ta. Mu maza muka lafe a ƙasa bayan gado. Mama ce kaɗai ta ƙi zama, tana tsaye jikin 'yar tagar da ke kallon tsakar gida.

Ba wanda ya taka Inna, amma muna ji aka fasa ƙofar su Ticha. Baƙi ne suka fasa, wannan gaskiya ne, suka ɗauki rediyo da abin da ya yi musu, suka ƙara gaba. Sai dai ƙofa ta zauna a buɗe, kuma sauran aikin 'yan unguwa ne suka ƙarasa shi. Mutumin da ya shekara yana cewa ciwon baya ya hana shi ɗaga buta, an gan shi da katifa a ka yana tsallake kwata kamar barewa. Wata ta ɗauki murfi ta bar tukunya, wata ta zo ta ɗauki tukunyar tana tsine wa wadda ta ɗauki murfin. Labule, dutsen guga, agogon bango, har ƙusar da ake rataya kalanda sai da aka zare. Washegari motar sojoji ta kai su Ticha bariki da kayan jikinsu. Ina ba da labarin da dariya saboda haka bakina yake, amma ranar da suka dawo ban yi dariya ba. Mama ta shiga falon, ba ta dubi komai ba sai wurin da ƙafafun keken suka yi shekaru suna zaune har suka bar sawu a siminti. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta ce wa Bitrus ya aro mata tsintsiya.

Abin da ya biyo baya ya fi fasa ƙofar muni. Shiru. Matan da suke wuni a ɗakinta suna zaɓen yayi, yanzu in sun hango ta a bakin rijiya sai su tuna sun bar wani abu a wuta. Maza su sunkuyar da kai su wuce Ticha kamar masu neman allura. Ba ƙiyayya ba ce, na san mutanen nan. Kunya ce ta rasa inda za ta shiga, ta koma kamar gaba. Liman ya yi wa'azi mai kyau, ya ce wanda ya ɗauki kayan maƙwabci ya mayar kafin azumi ya kama shi da su. Kowa ya gyaɗa kai, har da masu hawaye, ba a mayar da ko cokali ba. Sai Ticha ya yi doguwar magana irin wadda bai taɓa yi ba, ya ce wa Inna da an yi hutun makaranta, wajen Sallah, za su koma gida. Inna ta dubi Mama. Mama ta ce, "Inna, katifa ba komai, a tabarma aka haife ni. Amma keken nan shi ne zamana a garin nan. In babu shi in zauna in yi me? In riƙa kallon masu gudun haɗa ido da ni?"

Azumi ya kama, gidan ba daɗi. Ran nan ina shan kunu Inna ta ce, "Maigida, mutanen nan fa so suke su mayar."

Na ce, "To wa ya riƙe musu hannu, amarya?"

Ta ce, "Kai za ka iya ɗauko katifar mutane da rana tsaka, ka ratsa layi da ita kowa yana kallo, ka yi sallama ka ce ga shi, ni ne? Hanya suka rasa."

Ba wata dabara na zauna na tsara ba. Ni abin da ya dame ni, Bitrus ya daina dariya, ya daina zuwa shan ruwa, kuma in suka tafi ban san wanda zai riƙa yi mini kiɗa in ina shirme ba. Ranar goma ga wata na same shi a bayan gida yana zaune a kan bulo. Na naɗe tabarmar Inna na ɗora a ka, na kama ƙugu ina nishi kamar mai ciwon baya, na waiga hagu da dama, sannan na zura da gudu na tsallake kwata. Ya so ya daure, amma sai da dariyar ta ƙwace masa.

Na ce, "Tashi mu je tashe."

Ya ce, "Ka haukace. In je in yi wa masu kwana a kan katifarmu kiɗa?"

Na ce, "Ai gara ka je ka gani ko suna juya ta. Katifa in ba a juyawa lotsawa take."

Ya zage ni da yarensu, zagin da na riga na haddace, ya tashi ya nemo gwangwani.

A hanya muka haɗa waƙar, mu da abokanmu 'yan amshi. Su ce, "Baba me ka ɗauko?" In ce, "Tsintuwa na yi." Su ce, "A ina ka tsinta?" In ce, "A ƙuryar ɗakin maƙwabci." Su ce, "Baba ina ciwon baya?" In ce, "Ya tafi ganin gida." Ina yi ina rawa da tabarma a ka, ludayi a soke a ƙugu, murfin tukunya a hammata. A ƙofar farko aka yi tsit, har na fara duba hanyar gudu. Can sai wata tsohuwa ta fashe da dariya daga cikin gida, yara suka ɗauka, mazan da ke kan benci suka bi. A gida na gaba muna cikin yi sai hannu ya fito ta bayan labulen zaure, hannun mace, ba mu ga fuska ba, riƙe da tukunya. Murya ta ce, "Ga sadakar tashe."

Tukunyar tana da ɗigon jan fenti a gindi, irin alamar da Mama take yi wa kayanta saboda aron biki. Kiɗa ya tsaya. Na ga bakin Bitrus ya buɗe, na san sunan matar gidan ne zai fito, sai na taka masa ƙafa da dukan nauyina, wanda ko a lokacin ba kaɗan ba ne. Na karɓi tukunyar da hannu biyu na ce, "Allah ya karɓi ibada." 'Yan amshi suka ce amin. Muka wuce kamar gero aka ba mu.

Washegari ba mu fita da buhu ba, kurar turawa muka aro wajen 'yan ga-ruwa, muka sauke jarkokin. Labari ya riga ya zaga, kowa ya gane ƙa'idar ba tare da an faɗa ba: ba ma duban fuska, ba ma tambaya, abin da aka miƙo sadaka ce. Ban taɓa ganin unguwa mai son lada irin tamu a wannan azumin ba. Labule ya fito, dutsen guga ya fito, murfi ya sadu da tukunyarsa aka yi barka. Katifa ta kan katanga ta diro, ba hannu ba murya, kamar daga sama aka saukar da ita. Har abin da ba nasu ba aka riƙa bayarwa. Ticha ya wayi gari agogunan bango sun fi ƙusoshin ɗakinsa yawa, kowanne da lokacinsa, ya tsaya a tsakiya yana tambayar wanne zai bi ya je makaranta. Mata suka fara leƙowa, wai sun zo ganin kaya, daga nan a zauna, daga nan a ce Maman Bitrus ya ƙarin haƙuri. Gaisuwa ta dawo da kaɗan kaɗan.

Keke dai bai fito ba. Azumi ya gangara, Ticha ya fara tara kwalaye.

Sai muka ce bari mu yi wa Mama wasan a ƙofarta, ko ta saki rai. Na sami akwatin katako na ɗaura masa wilin keken yara, na ɗora a ka a matsayin keken ɗinki, na shigo tsakar gida ina tangaɗi. Duk gidan ana dariya, har Ticha ya nuna haƙori. Mama tana zaune ta zuba tagumi, ko murmushi babu. Da na gama ta ce, "Ɗana, sake yi."

Na sake.

Ta ce, "Ba haka yake tafiya ba. Ba ya tangaɗi, keken bai yi masa nauyi ba. Kafaɗarsa ɗaya a sauke take. Kuma kafin ya fita sai da ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gyaran murya."

Ashe duk abin da aka yi ranar nan a idonta aka yi shi, ta tagar Inna. Ta san mai murfi, ta san mai tukunya, ta san mai katifa, ta haɗiye ba ta faɗa wa ko mijinta ba. Ni kuwa kafin ta rufe baki jikina ya riga ya gane mutumin, kafaɗata ta sauka da kanta. Mutum ɗaya ne a unguwar mai wannan tafiyar: Malam Tanimu direban tifa, wanda shekarun jingina hannu a tagar mota suka karkata shi. Ƙato ne, in ya tsaya a ƙofar masallaci sai an kunna fitila. Ga zuciya. An ce ya taɓa marin wani kwandasta a Tarauni, sai a Ƙauyen Alu aka tsinci hularsa. Kuma 'ya'yansa mata duk Mama ce take musu ɗinki tun suna rarrafe.

Bitrus ya ce, "Gobe a ƙofarsa za mu yi, kuma da sunansa a waƙar."

Inna ta ce, "Ba da sunansa ba."

Ya ce, "Inna, ke ma kin gan shi ke nan?"

Ta ce, "Ina bakin ƙofa, ka zaci makauniya ce ni? In kuka kira suna zai rantse, in ya rantse kuma keken nan a kududdufi zai ƙare. Maigida, tafiyarsa kawai za ka yi. In ya ga dama ya gane kansa, in bai ga dama ba ya ce wani kake nufi."

Na ce, "Amarya, in ya mare ni fa?"

Ta ce, "Sai in yi takaba. Dama me kake tsinana mini?"

Washegari da aka sauko daga asham muka nufi ƙofarsa, rabin unguwa a bayanmu, don kowa ya ji ƙishin-ƙishin. Yana zaune a benci da abokansa suna cin dafaffen rogo. Bitrus ya fara kiɗa. 'Yan amshi suka ce Baba me ka ɗauko, na ce tsintuwa na yi. Na ɗora akwatina a ka, na sauke kafaɗa, na yi taku irin na mai saukowa daga babbar mota, na tsaya daidai gabansa, na yi gyaran murya. Dariyar da ta fara tashi ta mutu a hanya kamar an ɗauke wuta. Kowa ya gane. Shi ma ya gane. Ya ajiye rogon da ke hannunsa, ya miƙe, ya yi ta miƙewa, ni dai ban ga ranar gamawarsa ba. Gemuna na auduga ya saki gefe ɗaya yana lilo.

Ya zagaya ni a hankali yana kallo, kamar mai tayin akuya. Sannan ya yi gyaran murya, nasa na ainihi, ya ce, "Kai jikan Inna."

Na ce, "Na'am, Baba."

Ya ce, "Ta hagu ce. Kai ta dama ka sauke. In za ka yi abu ka yi shi daidai."

Na gyara kafaɗa. Wani daga baya ya kasa riƙewa ya tuntsire, sai wurin ya ɓarke gaba ɗaya, har da abokan cin rogonsa. Shi bai yi dariya ba. Ya juya ya shiga gida. Muka tsaya, ba mu san ko adda ya tafi ɗaukowa ba. Bitrus ya ci gaba da kiɗa a hankali don kada shiru ya kashe mu. Da ya fito, keken yana kansa, a lulluɓe da zanen matarsa. Ya sauke shi a kura da kansa, a hankali kamar jariri. Bai dubi jama'a ba, Bitrus ya duba, ya ce, "Ga sadakar tashe. Ka gaya wa mamanka ajiye mata na yi, kada ɓarayi su ɗauka. Na sa masa mai."

Duk wanda yake wurin ya san yadda aka yi ajiyar nan. Amma wani dattijo ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam Tanimu, ka yi dabara," kowa ya ce amin, har da ni, da ƙarfi. Bitrus ya dubi Malam Tanimu ya ce, "Za ta ji, Baba." Na sha tunanin ƙaryar nan da muka taru muka amsa, ban san hukuncinta a wajen malamai ba. Na dai san da yau ne, kafin mutumin ya gama miƙewa an ɗauke shi a waya, kafin ya shiga gida duniya ta gan shi, an laƙaba masa sunan da jikokinsa za su gada. Wanda aka yi wa haka ba ya fito da keke. Mu kuwa mun faɗa masa gaskiya a fuskarsa gaban kowa, muka kuma bar masa 'yar ƙofar da zai bi ya dawo cikin mutane. Ban san wani abu da yake iya yin biyun nan a tare ba in ba wasa ba.

Da hantsi ya yi tar-tar-tar ya tashi. Mata suka fito da yadi a hannu kamar dama a bayan ƙofa suke tsaye. Ticha ya mayar wa mai kanti kwalayensa. Mama ta yi ɗinki har jajibirin Sallah, har da na 'ya'yan direban tifa, ta kuma yi musu mai kyau. Shi dai, ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa da fiye da kalma ɗaya ba, bai kuma fasa gaishe ta ba. Ba a koma kamar da ba sarai, kada in ƙara gishiri inda bai kamata ba. Amma sun zauna. Suna nan Inna ta rasu, Mama ta yi kukan da ya fi na 'ya'yan cikinta. Suna nan na yi aure, ita ta ɗinka kayan lefe, ta ce wa amaryata ta yi haƙuri, haka Allah ya yi ni.

Tashe kuwa a hannunmu ya fara mutuwa, ba mu lura ba. Mu muka yi aure muka ce mun girma. Na bayanmu suka ɗauka, sai wasu suka fara fita da wuƙa a ƙugu maimakon ludayi, ana wasa a gaba ana ƙwace a baya, har iyaye suka hana 'ya'yansu. Filayen suka zama gidaje, gidajen suka yi doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Ina za ka yi tashe a gaban get? Wa zai miƙo hannu ta bayan labulen da babu shi? Ba wanda ya kashe shi da gangan. Mun dai bar shi a waje kamar tsohuwar tabarma, damina ta yi ta dukansa.

Bayan shekaru wani rikicin ya sake tashi. Wannan karon mun yi hankali, ko mun zaci mun yi. Muka jera benci a ƙofar gidan, mu magidanta, har da Malam Tanimu da furfurarsa da ƙarfen kwance taya a kan cinya, muka zauna har abin ya lafa. Ba a taɓa ƙofarsu ba. Muka yi ta yabon kanmu. Amma wasu da Mama take zama da su a benci ɗaya ranar Lahadi ba su sake zuwa coci ba, ba kuma tafiya suka yi ba, rikicin ne ya ci su. Ta daina zuwa kasuwar Tarauni ita kaɗai. In yara sun buga ƙofa da ƙarfi sai ta zabura. Muna gaishe ta tana amsawa, kowa yana ladabi, irin ladabin da ake yi wa baƙo. Lokacin Ticha ya yi ritaya, Bitrus yana aiki a Jos yana ta waya su taho. Ba a daɗe ba mota ta tsaya a ƙofar gida.

Na je taya su ɗaure kaya. Na yi ta zuba, ina cewa sanyin Jos zai daskarar da Ticha, ina kwaikwayon yadda zai riƙa karkarwa ba tare da ya ce uffan ba. Ta yi ɗan murmushi don kada in ji kunya. Da aka zo kan keken na dafa shi na ce, "Mama, wannan karon fa ba a ɗauki komai ba. Ko tsinke. Muna ƙofa."

Ta ce, "Na sani, ɗana. Allah ya yi muku albarka." Ta gyara zanen da ta lulluɓe shi, ta ƙulla igiyar. "Wancan karon an ɗauki abin da yake shiga kura, shi ya sa kuka iya dawo da shi. Na wannan karon ban san a me za ku turo shi ba."

Na laluba cikin kaina, inda ban taɓa neman abin dariya na rasa ba, ban samu ko ɗaya ba. Direban motar yana ta danna hon. Ta ce in kama ta can, in yi hankali da ƙafafun. Na kama, muka ɗora shi.